Kafin Ka Sayi Honda Ta Hannu: Shekarar Ƙira, Inji, Giyabos da Abubuwan Dubawa

Honda ba ta yi suna a banza ba. Injinanta na fetur masu silinda huɗu suna cikin mafi juriya da aka taɓa ƙerawa, kuma mota mai irin wannan inji, idan ta sami kulawa, takan haura kilomita 300,000 ba a buɗe ta ba. Amma alamar da ke gaban mota ba ita ke jan ta ba. Accord ta 2001 mai silinda shida da Accord ta 2006 mai silinda huɗu sunansu ɗaya, halinsu kuwa ya sha bamban. Wanda ya sayi ta farko ido rufe don ya ji ana cewa Honda ba ta mutuwa, giyabos zai iya cinye masa kuɗin da ya kai rabin motar. Don haka abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne abu uku: shekarar ƙira, irin injin, da irin giyabos. Waɗannan ukun su ke gaya maka inda za ka sa ido.

Mataki na farko: tabbatar da shekarar da kanka

Kada ka dogara da bakin mai sayarwa, ba lalle don yana son cutar ka ba, sau da yawa shi ma ji ya yi. Ana sauya fitilu da bamba a mayar da tsohuwar mota ta yi kama da ta bayanta. Nemi lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin takardar da aka manna a bakin ƙofar direba. Su biyun su zo daidai da juna, su kuma zo daidai da abin da ke cikin takardun mota.

A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada, alama ta goma a jerin ita ce shekara: W na nufin 1998, X 1999, Y 2000, lambobi 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, sai A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, haka har zuwa H 2017 da J 2018. Alamar farko kuma ƙasar da aka haɗa motar: J Japan, 1 ko 5 Amurka, 2 Kanada, S Ingila. Ka san kuma cewa Accord ɗin Turai daga 2003 ba ita ce ta Amurka ba. Jikinta ya fi ƙanƙanta, a Amurka ma da sunan Acura TSX aka sayar da ita, kuma kayan gyaransu da yawa ba sa shiga juna.

Mataki na biyu: jakar iska

Na sa wannan a gaba saboda shi kaɗai ne ya shafi rai kai tsaye. Miliyoyin motocin Honda sun fito da jakunkunan iska na kamfanin Takata. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da damshi, sai ya zama lokacin haɗari ya fashe da ƙarfin da ya wuce kima, ya tarwatsa gwangwanin ƙarfen da ke riƙe da shi, ɓaraguzan su nufi fuska da wuyan direba. Mutane sun mutu a haka. Kamfanin Takata ya durƙushe a 2017, a farkon 2023 kuma Honda ta gargaɗi masu wasu motocin 2001 zuwa 2003 da ba a gyara ba cewa su daina tuƙa su gaba ɗaya. Cikinsu akwai Accord da Civic na 2001 da 2002, CR-V da Odyssey na 2002, da Pilot ta 2003. Matsalar ba ta tsaya kan waɗannan ba, ta taɓa motoci har cikin shekarun 2010.

Saka lambar shasi a shafin intanet na Honda, ko na NHTSA, hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, idan motar ta can ce, za ka ga ko akwai gyaran da kamfani ya yi kira a kawo a yi ba a yi ba. Sannan idan ka murɗa makulli, fitilar SRS, wato ta jakar iska, ta kama na ɗan lokaci ta mutu. Idan ba ta kama ba sam, mai yiwuwa wani ya cire ƙwan ne ko ya rufe shi.

Mataki na uku: giyabos, inda kuɗi ya fi zurarewa

Idan Honda tana da rauni na tarihi, to giyabos ɗin otomatik ne na ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar 2000, musamman wanda aka haɗa da injin V6, wato mai silinda shida. Accord ta 1998 zuwa 2002, Odyssey ta 1999 zuwa 2004, Pilot ta farko, da Civic ta 2001 da 2002, duk sun yi ƙaurin suna a nan. Kulocin cikin giyar yana cinyewa da wuri, garinsa ya bi mai ya toshe ƙananan hanyoyi, zafi ya ƙaru, daga nan sai giya ta fara zamewa. A 2004 kamfanin ya kira motoci sama da miliyan ɗaya, ciki har da Accord V6 ta 2003 da 2004, Odyssey da Pilot, saboda giya ta biyu ba ta samun isasshen mai, tana iya ɗaukar zafi har haƙorinta ya karye. Gyaran da aka yi shi ne ƙara wani ɗan bututu mai feso mata mai. Daga wajen 2006 zuwa 2007 abin ya yi sauƙi sosai.

Ra'ayina a fili yake: mota mai V6 da otomatik ta waɗannan shekarun, in dai babu takardar da ta nuna an sake giyabos ɗin ko an buɗe shi an gyara shi da kyau, a bar ta. Araha ba ta biyan wannan asara. Mai giyar hannu kuwa ta kowace shekara ba ta da wannan damuwa, kuloci kawai za ka gwada.

Ga yadda ake gwajin otomatik. Tuƙa motar sai ta yi zafi sosai, minti ashirin aƙalla, don giyabos mai ciwo yakan ɓoye ciwonsa da sanyi. Taka birki ka sa D, ka ƙirga: ya kamata ta kama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba tare da buga ƙarfe ba. Haka ma R. A kan hanya ka saurari canji daga ta biyu zuwa ta uku. Idan allurar juyin inji ta yi tsalle sama kafin giyar ta kama, zamewa ke nan. Tsakanin kilomita 40 zuwa 70 a awa, ka taka totur a hankali, idan motar tana kakkarwa kamar kana bin hanya mai ƙananan kunya, matsala ce a kulocin da ke haɗa inji da giya, wani lokaci canjin mai ya magance ta, wani lokaci a'a. Fitilar D, ko D4 a tsofaffi, idan tana ƙiftawa a dashbod, kwamfutar mota ce ke faɗa maka ta ga laifi a giyabos.

Bayan ka tsaya ka kashe inji, zaro sandar gwada man giya cikin minti ɗaya da rabi, don haka ake aunawa a tsofaffin Honda, ba da inji a kunne ba. Goga ta a farin ƙyalle. Ja ko ja mai ɗan duhu lafiya ne. Baƙi mai warin ƙuna, ko mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ya isa dalilin juya baya.

Tambayi wane mai ake zuba mata. Giyabos ɗin Honda ginin kansa ne daban da na sauran kamfanoni, kuma ba ya jure man da ba nasa ba. Nasa shi ne ATF DW-1, wanda ya maye gurbin Z1. Ana tsiyaye tsohon ne a zuba sabo, kusan lita uku a kowane karo, ba a wanke shi da injin matsa mai.

Sababbin motoci sun koma giyar CVT, wadda ba ta da hawa-hawa, bel ne na ƙarfe tsakanin ƙarafuna biyu masu buɗewa da tsukewa. Accord mai silinda huɗu ta samu ta daga 2013, Civic daga 2014, CR-V daga 2015. Mutane da yawa suna tsoronta fiye da yadda ta cancanta. Ta Honda tana da dama-dama, sharaɗinta a waɗannan motocin shi ne man HCF-2 kaɗai, a kan lokaci. Wanda ya zuba mata man otomatik na yau da kullum ya gama da ita. A gwaji ka kula da kukan siriri mai ƙaruwa da gudu, da fizga lokacin tashi daga tsaye. Jazz ta farko, ta 2001 zuwa 2008, mai tsohuwar CVT, an san ta da wannan kakkarwar tashi. Akwai kuma giya mai hawa tara ta kamfanin ZF da aka sa a wasu Pilot daga 2016 da Odyssey ta 2018 da 2019, wadda masu ita suka yawaita ƙorafi kan jinkiri da bugu wajen canji.

Mataki na huɗu: inji, kuma ka same shi da sanyi

Ka nemi alfarma kada a tayar da motar kafin ka iso. Ɗora hannu a kan injin ka tabbatar. Abubuwa da yawa sai a tashin farko suke bayyana.

Injin lita 2.4 na zuriyar K, wanda ke cikin Accord daga 2003 da CR-V daga 2002, shi ne zan fi ba mai neman kwanciyar hankali shawara a kai. Sarƙa ke juya tayimin ɗinsa, ba bel ba. Laifinsa sananne shi ne wata ƙara mai kaushi ta kimanin daƙiƙa biyu a tashin sanyi, daga na'urar VTC da ke saman inji, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, an fi jin ta a Accord ta 2008 zuwa 2012 da CR-V ta 2012 zuwa 2014. Ba ta kashe inji nan take, amma in an bar ta tana wahalar da sarƙa, don haka a rage kuɗin canza ta daga farashi. Wasu Accord na 2008 zuwa 2011 da CR-V na 2010 da 2011 kuma suna shan baƙin mai saboda ringin fistin ya maƙale. Zaro sandar mai ka gani. Idan ya yi ƙasa sosai alhali an ce ba a daɗe da juye shi ba, ka gane. Tsaya a bayan mota wani ya tayar, ka dubi salansa: hayaƙi mai launin shuɗi mai ne ke ƙonewa.

Civic ta 2006 zuwa farkon 2009 mai injin lita 1.8 tana da wani aibi na masana'anta: gangar injin kanta takan tsage, ruwan lagireto ya riƙa tsiyaya har inji ya ɗauki zafi. Honda ta tsawaita garantin wannan zuwa shekara goma a Amurka, amma wa'adin ya daɗe da cika. Haska tocila a jikin gangar, gaba da baya, ka nemi busasshen tabo fari ko shuɗi-shuɗi, sannan ka duba robar ajiyar ruwa. Idan babu wannan tsaga, injin mai kyau ne ƙwarai.

V6 mai lita 3.0 ko 3.5 yana da daɗin tuƙi da ƙarfi, sai dai yana da buƙatu biyu. Na farko bel ɗin tayimin. Ana canza shi kusan kowane mil 105,000, wato wajen kilomita 168,000, ko shekara bakwai, duk wanda ya fara cika, tare da famfon ruwa da abin ɗaure bel ɗin. Idan ya tsinke ana tafiya, fistin zai daki bawul, aikin ya koma na buɗe inji. In babu shaidar an canza, ka ɗauka ba a canza ba, ka sa shi cikin lissafinka tun ranar saye. Accord mai silinda huɗu har zuwa 2002, Civic har zuwa 2005, da CR-V har zuwa 2001 su ma bel gare su.

Na biyu shi ne VCM, tsarin da ke kashe wasu silindoji idan ana tafiya a miƙaƙƙiyar hanya don rage shan fetur. A Amurka ya fara a Odyssey ta 2005, ya shiga Accord V6 ta 2008 da Pilot. A silindojin da ake yawan kashewa mai yakan haura sama ya ɓata fulogi, inji ya fara tsallake wuta. Maganar ta kai kotu a Amurka, aka sasanta a 2013. Haka kuma girgizar da tsarin ke haifarwa tana cinye robobin da inji ke zaune a kai, kuma na waɗannan motoci na musamman ne masu tsada. Ka sa bakanike ya kwance fulogi na layin baya. Idan bakinsu ya yi baƙi ya jiƙe da mai, ga amsarka.

Ƙaramin injin turbo mai lita 1.5, na Civic daga 2016, CR-V daga 2017 da Accord daga 2018, yana da ƙarfi ga ƙarancin shan mai, amma ba shi da haƙurin magabatansa. An same shi da zubar fetur cikin baƙin mai, musamman a wurare masu tsananin sanyi da gajerun tafiye-tafiye inda inji ba ya kai ga zafinsa. A 2018 an yi kiran gyara a ƙasar Sin kan haka. Alamarsa a bayyane take: mai ya haura alamar sama a sanda, yana warin fetur. Akwai kuma masu ƙorafin ƙonewar gasket ɗin kan inji, don haka ruwan lagireto da ke raguwa ba a ga inda yake zuba ba abin tsayawa ne a bincika. Motocin wajen 2018 zuwa 2020 da dama sun shiga kiran gyara na famfon fetur, wannan ma lambar shasi za ta nuna maka.

Wani abu da ake mantawa: yawancin injinan Honda da hannu ake saita tazarar bawul. A CR-V ta farko, idan aka yi sakaci, bawul ɗin hayaƙi yana matsewa har ya ƙone, kuma abin takaicin shi ne matsattsen bawul ba ya ƙara, shiru yake yi. Ga mai duba Jazz ta farko mai injin i-DSI kuwa, silinda huɗu gare ta amma fulogi takwas. Sau da yawa ana canza huɗun gaba a manta da na baya, motar ta yi ta fizga ana neman dalili a wani wuri.

Mataki na biyar: esi, sitiyari da ƙasan mota

Kunna esi ya kai ƙarshe ka bar shi tsawon gwajin. CR-V ta 2002 zuwa 2006 an san kwamfaresarta da tarwatsewa ta ciki, garin ƙarfe ya bi dukkan bututu, sai an canza kusan komai kafin sanyi ya dawo. Maganar "gas ne kawai ya ƙare" kada ta shige ka, gas ba ya ƙarewa sai da inda yake fita. Civic ta 2016 zuwa 2018 kondensarta ce ke yoyo.

Murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe da sanyi. Kuka daga famfon sitiyari a tsofaffin Accord, Odyssey da Pilot sau da yawa ɗan zoben roba ne a bakin famfon ke shan iska, gyara mai sauƙi. Amma duba bututun ko yana jiƙe, ka kuma tuna man sitiyarin Honda ma nasa ne daban.

CR-V mai jan ƙafa huɗu, kai ta fili ka karya sitiyari gaba ɗaya ka zagaya a hankali. Gurnani daga baya yana nufin man akwatin giyar ƙafafun baya ya tsufa. Yawanci canza shi da Dual Pump Fluid yana kashe ƙarar.

A ɗaga motar sama, kada ka yarda da leƙe kawai. Duba manyan bushin na hannayen ƙafar gaba, suna tsagewa da tsufa, su ne ke kawo ƙwanƙwasa a gargada. Shafa tayoyin baya ta ciki, a Civic ta farkon zuriyar 2006 sukan cinye ta gefe ɗaya. Accord ta 2008 zuwa 2010 tana cin birkin baya da wuri. Motar da ta zauna a ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, nemi tsatsa a ƙarfen da ke riƙe da inji da ƙafafu, da bututun birki. Ƙwanƙwasa da sukundireba, idan ƙarfe yana ɓarewa, babu gyaran da zai biya. Ɗaga shimfiɗar but ka taɓa ramin safaya, ruwa yakan taru a nan a Jazz, kuma laka ko warin rima a ƙarƙashin kujeru alama ce ta motar da ambaliya ta taɓa. Fentin rufi da bonet da ke ɓarewa ya zama ruwan dare a tsofaffin Honda masu launin duhu. Yana ɓata kyau, ba ya hana tafiya.

Mataki na shida: sa na'ura ta karanta kwamfutar motar

Ƙaramar na'urar OBD2 ana soka ta ƙarƙashin sitiyari. Lambobin da za su sa ka tsaya: P0740 na giyabos, P0300 zuwa P0306 na tsallake wuta, P0420 na na'urar tace hayaƙi, P2646 da P2647 na tsarin VTEC mai sarrafa buɗewar bawul, waɗanda galibi ƙarancin mai ko dattinsa ke kawowa. Rashin lamba ma ba shi ne lafiya ba. Duba sashen da ke nuna ko kwamfutar ta kammala gwaje-gwajenta. Idan da yawa sun nuna ba su kammala ba, to kwanan nan aka goge bayanan ko aka cire batir. Tuƙa motar mai nisa ka sake sokawa.

Kwatanta abin da mita ta nuna da yanayin motar. Robar birki da ta suɗe, sitiyarin da ya yi santsi, kujerar direba da ta lotsa, ba sa tafiya tare da ƙaramin adadi.

Mataki na ƙarshe: zaɓi da ciniki

Ga mai son motar da ba za ta riƙa kai shi gareji ba, zan fara da Accord mai silinda huɗu ta 2006 da 2007 ko ta 2013 zuwa 2017, Civic ta 2010 zuwa 2015, CR-V ta 2007 zuwa 2009 ko 2012 zuwa 2014, da Jazz mai giyar hannu. Mai iyali da yawa da ke buƙatar Odyssey ko Pilot ya nemi ta bayan 2007, ya shirya wa bel ɗin tayimin da lura da matakin mai. Civic mai haɗin fetur da lantarki ta tsohon tsarin IMA, batirinta yana raunana da shekaru kuma canza shi ba ƙaramin kuɗi ba ne, sai an gwada shi sosai.

Rubuta duk abin da ka gano a takarda, ka raba shi gida biyu. Gida na farko abubuwan da ake rage farashi a kansu: bel ɗin tayimin, robobin inji, bushin, na'urar VTC, birki, taya. Nemi kuɗin gyaran kowanne daga bakanike naka, ba na mai sayarwa ba, ka cire jimillar daga abin da aka sa wa motar. Gida na biyu abubuwan da ba a ciniki a kansu: giya mai zamewa, gangar inji da ta tsage, mai da ruwa sun gauraye sun yi kama da madara a murfin inji, tsatsa a ƙashin mota, lambar shasi da ba ta zo daidai da takardu ba. Idan ɗaya daga cikinsu ya fito, ka nemi wata motar.

Wadda ka saya kuma, a makon farko ka juye baƙin mai da matatarsa, man giya na ainihi, ruwan lagireto irin na Honda mai launin shuɗi, da man birki, ka rubuta ranar da adadin da mita ta nuna a ɗan littafi ka ajiye shi a cikin motar.